Kuɗin ciyar da yara bayan rabuwa: ina uwa za ta samu lauya ba tare da ta sayar da kayan ɗakinta ba?

Idan aure ya mutu, nauyin yara ba ya sauka daga wuyan uba. Ci da sha, tufafi, magani da kuɗin lakkol duk suna kansa, ko yaran suna hannunsa ko suna hannun uwarsu. Addini da al'ada da dokar ƙasa sun haɗu a kan wannan. Amma mata da yawa a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna haƙura, don sun ɗauka shiga jastis sai mai kuɗin lauya. Ga abin da ya kamata a sani.

Wace doka ke aiki?

Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda da ya hau kan kowa. A sha'anin aure, saki da riƙon yara, alƙali yana aiki da al'adar masu shari'a, tare da mataimaka masana al'ada da ke zama kusa da shi. Ga yawancin Hausawa, wannan al'ada ta ginu ne a kan fiƙihun Malikiyya. Waɗanda suka ɗaura aure a ƙarƙashin dokar zamani kuwa, da ita ake yi masu hukunci. Babu wani adadi da aka yanke wa kowa: alƙali yana duba ƙarfin uba da bukatun yara.

Matakin farko: sulhu

Mai unguwa, hakimi ko sarki suna da ikon sasanta irin wannan rigima, haka ma malamai na ƙungiyar addinin Musulunci. Hanyar tana da sauri, kuma ba ta cin kuɗi sosai. Sai dai alkawarin baki yana saurin tashi. A nemi a rubuta abin da aka daidaita a kai, da adadin kuɗi, da ranar biya, kowa ya sa hannu, sannan a kai takardar gaban alƙali ya tabbatar da ita.

Hukumar ANAJJ

Doka mai lamba 2011-42 ta ranar 14 ga Disamba 2011 ce ta kafa wannan hukuma ta taimakon talakawa a fannin shari'a. Tana da birori a cikin manyan kotunan jihohi, har da na Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni da Yamai. Aikinta kashi biyu ne. Na farko shawara ce, kyauta ga duk wanda ya je: a saurare shi, a bayyana masa haƙƙinsa, a nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Na biyu shi ne ba da mai kariya a gaban alƙali, wanda gwamnati ke ɗaukar nauyinsa.

Abin da mata da yawa ba su sani ba shi ne, dokar ta ambaci macen da ke neman kuɗin ciyarwa, ko riƙon yaro, ko rabon gado, a cikin waɗanda suka cancanci wannan taimako kai tsaye. Namijin da ke riƙe da yara shi kaɗai yana iya nema shi ma, amma sai ya kawo shaidar rashin hali.

Lauyoyin Nijar ba su da yawa, kuma akasarinsu a Yamai suke zaune. Shi ya sa a cikin jihohi ake naɗa wasu masu kariya da ba lauyoyi ba ne, amma an horar da su. A sani kuma, doka ba ta tilasta ɗaukar lauya a irin wannan ƙara: uwa tana iya tsayawa ta yi bayani da bakinta, da Hausa, tafinta ya fassara.

Sauran ƙofofi

Ƙungiyar mata masana shari'a, AFJN, da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, ANDDH, suna ba da shawara, suna kuma taimakawa wajen rubuta takardar ƙara. Wadda ta zaɓi lauya mai zaman kansa, ta tambayi kuɗin aikin gaba ɗaya tun ranar farko, ta nemi a rubuta, ta karɓi rasit duk lokacin da ta biya. A yi hattara da ƴan kai-da-kawo na bakin kotu masu cewa sun san alƙali.

Abin da za a riƙe a hannu

Takardun haihuwar yara, takardar aure ko ta saki, katin ɗan ƙasa, rasit na lakkol da na magani, da bayanin inda uban yake zaune da sana'arsa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, ana iya nema masa hukuncin kotu da ke maye gurbinta.

Idan ya ƙi biya fa?

Hukunci ba shi ne ƙarshen tafiya ba. A karɓi kwafinsa wurin magatakardan kotu. Idan uban ma'aikaci ne, ana iya neman a cire kuɗin daga albashinsa. Idan ɗan kasuwa ne, jami'in zartar da hukunci, wato huissier, shi ke bin sa. Ƙin biya da gangan bayan hukunci laifi ne na watsi da iyali, kuma ana kai kukansa wurin mai gabatar da ƙara. A riƙa rubuta duk watan da aka biya da wanda aka tsallake, don alƙali zai tambaya.