Gwangwanayen Teku: Zaman Sojan Ruwa a Rikicin Kuba na 1962

Duk sa'ad da aka tada zancen rikicin Kuba, sunaye uku ne kan fito: Kennedy, Khrushchev da Castro. Amma umurnin da aka yanke a fadar White House ba a can aka zartar da shi ba. Samari ne suka ɗauke shi bisa ruwa, a cikin ƙananan jiragen yaƙi masu sauri da ake kira distiroya, waɗanda aikinsu shi ne rakiyar manyan jirage da farautar jiragen ƙarƙashin teku.

Ranar 22 ga Oktoba 1962 shugaba Kennedy ya sanar da duniya cewa Tarayyar Sobiyat tana girka makamai masu linzami a Kuba. Ranar 24, da ƙarfe goma na safe, killace tsibirin ya fara aiki, aka ja layi a teku mai nisan kilomita kusan 900 daga gaɓa. Da yawa daga cikin jiragen da aka tura tsofaffi ne. Beale da Cony, alal misali, an saka su ruwa tun 1942; tsawon kowanne bai wuce mita 115 ba, faɗinsa mita 12, mutane kuwa sun kusan ɗari uku. Saboda rashin kaurin ƙarfen jikinsu, sojojin da kansu suka laƙaba musu suna gwangwani.

Mai karatu ya ƙiyasta zaman wannan jama'a a irin wannan ƙunci. Gadajen tamfol ne, uku a jere ɗaya bisa ɗaya, har mutum ba ya iya zama sosai a kan nasa. Gadi na awa huɗu ne, dare da rana, ban da aikin yau da kullum. In kuwa aka buga ƙararrawar shirin yaƙi, kowa ya ruga wurinsa, a rurrufe ƙofofin ƙarfe, barci ya ƙare ke nan. A can ƙasa masu kula da tukwanen tururi suna aiki cikin zafin da ke jiƙe riga nan take. Ruwan daɗi daga ruwan gishiri ake tace shi, kuma tukwanen ne ke fara shan rabonsu. Abin da ya rage shi ne na sha da dahuwa da wanka, don haka sau da yawa akan taƙaita shi. Bayan ƴan kwanaki sai a ɗura mai a tsakiyar teku: jirage biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa, tiyo a tsakaninsu, igiyar ruwa na dukan masu jan igiya.

Ranar 26 ga Oktoba aka yi bincike na farko. Jiragen John R. Pierce da Joseph P. Kennedy Jr., wanda aka raɗa wa sunan yayan shugaban da ya rasu a yaƙi a 1944, suka tsai da Marucla, jirgin kaya mai tutar Libanan da Sobiyat ta yi haya. Da gangan aka zaɓe shi, don a nuna da gaske ake yi ba tare da taɓa jirgin Sobiyat ba. Ba a sami makami ba, aka bar shi ya wuce.

Haɗarin gaske a ƙarƙashin ruwa yake. Tun 1 ga Oktoba jiragen ƙarƙashin teku huɗu suka baro arewacin Rasha, kowanne ɗauke da tofido guda mai kan nukiliya, abin da sojojin Amurka ba su sani ba. Ranar 27, ranar da aka harbo jirgin leƙen asiri U-2 a sararin Kuba, Beale da Cony da ƴan'uwansu suka ritsa da ɗaya daga ciki, B-59. Suka riƙa jefa ƙananan bama-bamai na atisaye da gurneti, waɗanda a wurinsu alama ce kawai ta cewa a fito sarari. Amurka ta aika wa Mosko ma'anar wannan alama, amma saƙon bai kai ga kumandojin jiragen ba. Mutanen B-59, da batura sun kusa mutuwa, iska ta gurɓace, zafi ya haura digiri 45, sai suka ɗauka yaƙi ya ɓarke. Bisa shaidar da ta fito fili a 2002, kumandan Valentin Savitsky ya nemi a shirya tofidon, Vasili Arkhipov, babban hafsan rundunar da ke cikin jirgin, ya kwantar masa da hankali. Daren nan B-59 yana sarari, distiroyoyi kewaye da shi, ba a harba tofidon ba.

Kashegari, 28 ga Oktoba, Khrushchev ya sanar ta Rediyon Mosko cewa za a kwashe makaman. An ɗage killacewar ranar 20 ga Nuwamba. Mutanen Beale da Cony suka koma gida, sai bayan shekaru arba'in suka san abin da ke cikin jirgin da suka yi ta jifa.

A nan darasin yake. Shugabanni biyu sun yi ta taka-tsantsan, amma ikonsu bai kai ƙarƙashin teku ba. Can, makomar duniya ta rataya ga gajiyayyun mutane da ba su fahimci alamun juna ba. Ƙasashen biyu sun gane haka: a 1963 suka buɗe layin sadarwa kai-tsaye tsakanin Washinton da Mosko, a 1972 kuma suka rattaba hannu kan yarjejeniyar hana hatsaniya a teku, wadda ta tsara yadda jiragen yaƙi za su kusanci juna da alamun da za su yi amfani da su. Jirgin Joseph P. Kennedy Jr. kuwa ya zama gidan tarihi a Fall River, jihar Massachusetts, inda baƙo kan sunkuya ya leƙa gadajen da samarin suka kwana a kai.