Tashar Kuru da Tarihin Mahaɗar Layin Dogo a Arewa

Mutanen ƙasar Gaya, tun daga Balan har zuwa Ajingi, sun daɗe da sanin jirgin ƙasa, amma a ƙasar maƙwabta suka san shi. Dogo ya iso Kano a 1911, sa'an nan aka ja reshe ta Ringim, ya kai Nguru a 1930, a nan kuma ya tsaya. Da lokaci ya yi da za a kai jirgi Barno, ba daga Nguru aka ci gaba ba, ko da yake ta fi kusa. Sai aka koma wani ɗan gari na Birom a kudu da Bukuru, wato Kuru, aka tsage sabon layi daga can.

Kafin a fahimci Kuru, wajibi ne a dubi Kafancan, domin a layi guda suke. Dogon gabas ya taso daga Fatakwal ne saboda kwal ɗin Inugu, inda ya kai a 1916. Daga nan ya yiwo arewa ta Makurɗi ya haɗe da na Kaduna, kuma a 1927 aka fitar masa da reshe daga Kafancan zuwa Jos don kwasar kuza. Wannan reshe shi ne ya karya ƙaramin jirgin nan mai tashi daga Zariya zuwa Bukuru, wanda aka gama a 1914 aka rufe a 1957.

Kafancan ƙauye ce a lokacin. Amma jirgin wancan zamani da kwal da ruwa yake tafiya, tilas ya tsaya ya sha, a duba shi, a canja direba. Saboda haka aka gina rumfar gyaran injuna da gidajen ma'aikata. Ibo da Yarabawa suka zo aikin reluwe, fatake Hausawa suka biyo su, masu tuwo da masu masauki suka sami abin yi wajen fasinjan da ke kwana jiran jirgi. Har Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa ya dawo Kafancan a 1933. Abin lura a nan shi ne, jiran da jirgi ke yi da kayan da ake saukewa su suka gina garin, ƙarfen dogo shi kaɗai bai isa ba.

Kuru kuwa ta makara. An soma layin Barno a 1958, da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, wanda shi ne rance na farko da Nijeriya ta karɓa daga wannan banki. Jirgi ya isa Bauci a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri kuma a 1964, tafiyar wajen mil 400. Dalilin bi ta nan a fili yake: ana so a ratsa ƙasar auduga da gyaɗa ta Bauci da Gombe, wadda ba ta da dogo. To, amma a lokacin manyan motoci sun riga sun fara ƙwace kaya daga hannun jirgi. Bugu da ƙari, Bukuru da Jos suna nan kusa, duk wani ciniki can yake zarcewa. Tashar ta zama wurin juya layi kawai, fasinja ya leƙo ta taga ya wuce. Sunan da Kuru ta yi daga baya ma, Cibiyar Nazarin Manufofin Ƙasa da aka kafa a 1979 ce ta jawo mata shi. Jirgin fasinja zuwa Maiduguri kuwa, ya yi shekaru da daina tafiya.

Wannan tarihi ya shafi ƙasar Gaya kai tsaye. A 2021 aka aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi, tare da reshe zuwa Dutse wanda aka tsara masa tasha a Gaya. Jirgin yau ba ya tsayawa shan ruwa, kuma Kano na kusa da Gaya kamar yadda Jos take kusa da Kuru. Idan ba a tanadi sito da wurin lodi da hanyoyin da za su kawo amfanin gona daga ƙauyuka irin su Balan ba, da wuya tashar ta wuce matsayin Kuru.