Wasiƙar Mayaƙa: Tarihin Waƙar Rap a Nijar da Darasin Insha'i

Gabatarwa

A Kornaka, garin da ke kan hanyar Maraɗi zuwa Dakwaro, kamar a sauran garuruwan ƙasar Hausa, magana tana da masu ita tun kaka da kakanni. Akwai maroƙin da ke wasa sarki a ƙofar fada, da ɗan kokowa mai kirari a fage, da ƴan matan gaɗa a dandali, da almajiran da ke rera waƙoƙin wa'azi na ajami. A shekarun 2000 sai wani sabon mai magana ya shigo sahu: saurayi ɗan makaranta, wanda ya ji rap a kaset ko a rediyo, ya juya bayan littafinsa na darasi yana jera baitoci. Manya da dama sun ɗauki abin kwaikwayon Amurka ne kurum. Wannan maƙala za ta bi sawun ƙungiyar Wass-Wong da takwarorinta na Yamai, domin nuna cewa rap ɗin Nijar daga alƙalami ya fito, kuma akwai abin da malamin harshe zai tsinta a cikinsa.

Shekara guda, hanya biyu

Masana tarihin kiɗa kan ɗora farkon hip hop a kan wani biki da DJ Kool Herc ya kaɗa a unguwar Bronx ta birnin New York a watan Agusta na 1973. A wannan shekarar ce kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatun boko da Hausa kafin a kai su ga Faransanci. Taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya riga ya share fagen daidaita haruffan Hausa da na wasu harsunan Afirka ta Yamma.

Sai dai makarantun gwajin ba su yawaita ba. Mafi yawan yaran Nijar da Faransanci suka ci gaba da koyon rubutu, har ma tsofaffin ɗalibai na tuna sambol, alamar nan da ake rataya wa wanda aka kama yana magana da harshen gida. A darasin insha'i ana ba yaro jigo: ya siffanta kasuwar garinsu, ko ya rubuta wa kawunsa wasiƙa. Yaron ya san kasuwar ciki da bai, ya kuma san abin da zai gaya wa kawun, amma harshen da aka ba shi aro ne. Sau da yawa abin da jan biro ke bi shi ne kuskuren nahawu, tunanin yaron kuwa ya wuce ba a tanka masa ba.

Yaran shekarun yajin aiki

Ranar 9 ga Fabrairun 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, aka rasa rayuka. Daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 aka yi Taron Ƙasa, wanda ya buɗe ƙofar jam'iyyu da jaridu masu zaman kansu. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Albashin ma'aikata ya riƙa makara, yajin aikin malamai da na ɗalibai ya yi ta bin juna, har aka yi shekarun da aka soke karatu ɗungum.

Matasan da suka tashi a wannan zamani sun iya karatu da rubutu, amma takardar shaida ta daina zama mabuɗin aikin gwamnati. Suka koma zaman fada, wato majalisar samari a bakin titi, inda ake dafa shayi ana sauraren kiɗa. Adeline Masquelier, masaniyar halayyar al'umma, ta yi littafi guda a kan wannan zama a 2019. A fada ne kasakasan rap suka sami masauki: na Amurka, da na Faransa irin su MC Solaar da IAM, da na Positive Black Soul, ƙungiyar Dakar da aka kafa a 1989, wadda ta nuna cewa ana iya rap da harshen Wolof. Gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani da Ténéré, suka ba wa sabuwar muryar fili.

Wasiƙa ta haɗu da mayaƙi

Wass-Wong ƙungiyoyi biyu ne na samarin Yamai da suka haɗe. Ɗaya ita ce Wassika, wato wasiƙa a rubutun Faransanci. Ɗayar kuma Wongari, kalmar Zabarmanci mai nufin mayaƙi ko jarumi. Da suka haɗa kai sai suka yanko farkon kowane suna, aka sami Wass-Wong, wanda ake fassarawa da saƙon mayaƙa. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, sau da yawa a cikin waƙa guda, kuma jigoginsu na halin rayuwa ne: talauci, rashin aikin yi, da riƙon amanar jama'a. Tare da Lakal Kaney, wadda ke cikin na farko da suka fitar da kundi, sun kasance cikin ƙungiyoyin da suka fitar da rap daga fada zuwa manyan dandamali a farkon shekarun 2000.

Sunayen wannan zamani abin lura ne. Ga wasiƙa, aikin farko da ake ba ɗalibi a darasin insha'i. Ga Kaidan Gaskiya, ƙungiyar Phéno B, wadda mawaƙiya Safiath ta shiga daga baya, sunan da ke ɗauke da kalmar ƙa'ida. Ga Zara Moussa, wadda aka sani da ZM, ɗaya daga matan farko a fagen, ta sa wa kundinta suna Kirari. Wasiƙa da ƙa'ida da kirari duk kayan ajin harshe ne.

Hanyar aikinsu ma ta ɗalibai ce. Makaɗin gargajiya yakan gaji sana'a, ya ƙulla waƙa da ka, ƴan amshi su riƙe masa. Ɗan rap kuwa yakan zauna da takarda: ya rubuta, ya soke, ya ƙirga gaɓoɓi don su hau bugu huɗu na kiɗa, ya nemi amsa-amo, sannan ya karanta wa abokan fada su yi masa gyara. Ta wannan fuska ya fi kusa da marubutan waƙa, daga Nana Asma'u zuwa Sa'adu Zungur da Aƙilu Aliyu, waɗanda su ma da ma'auni da ƙafiya suke aiki. Bambancin shi ne yawancin samarin ba a taɓa koya musu rubutun Hausa ba, don haka da haruffan Faransanci suke kama sautinta, kamar yadda sunan Wassika kansa ya nuna.

Mai ba da jigo

A 2004 asusun UNICEF ya tallafa wa wani dandalin rap a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar a Yamai, inda sababbin ƙungiyoyi da dama suka gwada kansu. Kasuwar kaset ƙarama ce, masu kwafar sata kuma sun cinye ribar, saboda haka ƙungiyoyin agaji suka zama manyan iyayen gidan ƴan rap. Aka yi waƙoƙi a kan cutar sida, da karatun ƴaƴa mata, da auren wuri. An amfana da wasu, amma masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya gudo daga jigon malami sai ga shi yana karɓar jigo daga mai biya. A ɗaya gefen kuma wasu malaman addini da iyaye suna sukar sutura da rawar matasan. Da wayar hannu ta maye gurbin kaset, kiɗan rawa na Najeriya ya cika kunnuwa, ƙungiyoyi da dama na zubin farko suka watse, wasu mawaƙan suka ci gaba su kaɗai.

Abin da ya rage wa aji

Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa da harsunan ƙasa, an tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa na Nijar a 1999, kuma kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Doka ba ta haifar da marubuci sai an yi atisaye. Abokiyar burmin wannan magana ita ce gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki: fili aka buɗe, masu baiwa suka fito.

Malamin kwaleji a Kornaka na iya aron hanyar fada ba tare da ko ganga ba. Ɗalibi ya rubuta wasiƙar baiti takwas mai amsa-amo guda zuwa ga wanda ya zaɓa da kansa. Ya yi wa rijiyar unguwarsu ko jakin gidansu kirari. Ya ɗauki karin magana ya warware ta cikin layi huɗu, kowane da bugu huɗu, abin da zai sa kunnensa ya rarrabe dogon wasali da gajere, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Ya mayar da baitinsa Faransanci, ya faɗi abin da ya zube a hanya. Daga nan a karanta a fili, ƴan aji su fara yin gyara kafin jan biro ya sauka.

Kammalawa

Samarin Wass-Wong da tsararrakinsu sun koya wa kansu rubutu da harshen uwa a lokacin da makaranta ke rufe ko take kallon wani gefe. Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyin raya al'adu biyu ne: su tattara waƙoƙin wancan zamani a rubuce da ingantacciyar Hausa tun kasakasan ba su lalace ba, su kuma bar ɗalibi ya zaɓi wanda zai aika wa wasiƙarsa.