Hali

hali (hálíi) sn., nj.; jam. halaye (háalàayée).

1. Ɗabi'ar da ta zauna wa mutum har aka san shi da ita. Mis.: an san Alhaji Shehu Shagari (1925–2018) da sanyin hali. Sakkwatanci: Inna, wanga yaro halin kakanai yaɗ ɗauko. K.m.: hali zanen dutse.

2. (addini) Siffar zuciya, mai kyau ko muguwa. A littafinsa Ulum al-Mu'amala, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ware masu halakarwa, irin su jiji da kai, girman kai, hassada da riya, daga masu kuɓutarwa, irin su tuba da tawakkali.

3. (ilimin halayyar ɗan Adam) Rukunin da ake sa mutum gwargwadon yadda hankalinsa ke aiki. Carl Jung, 1921: fuska biyu, mai karkata ciki da mai karkata waje, ayyuka huɗu, wato tunani da shauƙi (na yanke hukunci), ji da gani da kuma tsinkaye (na fahimta). Ɗaya daga cikin ayyukan kan rinjayi sauran, kishiyarsa ta raunana. Gwajin Myers-Briggs ya mai da su rukuni 16. Yawancin mutane kuwa tsaka-tsaki suke, rabon ya faye tsauri.

Dangi: halayya (hàláyyàa) sn., mc.; halin kirki; mugun hali; halin ɓera, sata.

Bambanta da hali (háalìi): yanayi, wadata. Mis.: ba ni da halin zuwa garin Shagari bana.