Daga Hatimin Alƙali Zuwa Gidan Waya: Tarihin Kai Sammaci a Ƙasar Gusau

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu duba yadda ake kiran wanda ake ƙara zuwa gaban shari'a a ƙasashen Gusau da Tsafe da Bunguɗu, mu kuma ga dalilin da ya sa gidan waya bai karɓe wannan aiki ba.

Kalmar sammaci aro ce daga Ingilishi, amma aikin ya girmi zuwan Turawa. Alƙalan Daular Sakkwato sun bi littattafan mazhabar Malikiyya, musamman Muhtasar na Halilu da Tuhfa ta Ibn Asim. A cikinsu an nuna cewa alƙali zai kira abokin shari'a ta hanyar manzo ko hatimi in yana kusa, in kuwa akwai 'yar tazara sai a rubuta masa. Ladar manzo tana kan mai ƙara, sai fa in wanda ake ƙara ya yi taurin kai. Wannan manzo shi ne Hausawa ke kira muhuli.

Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, Turawa sun bar kotunan alƙalai a ƙarƙashin En'e, suka shigo da takarda da rajista. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau har ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, wasiƙu kuma suka yi sauri tsakanin manyan garuruwa. Amma wasiƙa a akwatin gidan waya take tsayawa. Manomi a ƙauye irin Ruwan Bore ba shi da akwati, gidansa ba lamba, galibi kuma bai yi boko ba. Saboda haka sammaci ya ci gaba da bin tsohuwar hanya: daga kotu zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci da mai unguwa, har a damƙa shi a gaban shaidu. Ko da gwamnati ta karɓe kotunan daga hannun En'e a 1968, hanyar ba ta sake ba.

A ganinmu, abin da kotu ke nema shi ne shaidar cewa saƙo ya isa, domin hukuncin da aka yanke wa wanda ba a sanar da shi ba rusasshe ne, kuma sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi. Shi ya sa ƙa'ida ita ce miƙawa hannu da hannu. Aikawa ta gidan waya ko liƙawa a ƙofar gida sai da iznin kotu.

A yau 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Jihar Zamfara, wasu masu unguwanni ma sun yi hijira tare da jama'arsu. Sammacin da aka liƙa a kangon gida bai sanar da kowa ba, ga shi kuwa gonar mutum ko aurensa na iya salwanta a bayan idonsa. Muna ganin ya kamata alƙali, kafin ya ba da irin wannan izni, ya nemi shaidar dagaci a kan inda mutumin ya koma.