Sana'ar Matan Kulle a Karkarar Kano da Hannayen da Suka Tallafe Ta

Karkarar da ke arewa da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, Bichi da Dambatta, tana cikin yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kansa a shekarun 1960, inda cunkoson jama'a ya sa ake nome gona kowace damina da taimakon taki, ba a barin ta ta huta. A wannan yanki ne kulle, wato zaman matar aure a cikin gida ba ta fita sai da izinin miji, ya bazu a tsakanin talakawa a ƙarni na 20, bayan a da ya fi yawa a gidajen malamai da sarakuna da attajirai. M. G. Smith ya danganta hakan da mutuwar bauta, wadda dokar Turawa ta 1901 ta soma raunanawa, ta 1936 kuma ta haramta, domin matan da suka sami 'yanci sun guji aikin gona da ake kallo a matsayin aikin bayi.

Shiga kulle bai raba mata da neman kuɗi ba. A fiƙihun Malikiyya ci da sha da sutura suna wuyan miji, abin da mace ta samu kuwa nata ne, har ya zama ba abin mamaki ba ne miji ya sayi fura a hannun matarsa ya biya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa tun daga 1912, sai matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli suka ƙara ƙarfi a gefen kaɗin zare, daddawa da ƙosai. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina sannan a Dorayi kusa da Kano, ta bayyana wannan ciniki a 1969 a matsayin ɓoyayyen kasuwanci, saboda ana yin sa gida-gida ba tare da mai hajar ta taka kasuwa ba.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne cewa babu macen da ta riƙe irin wannan sana'a ita kaɗai. A gidan da ke da kishiyoyi, rabon girki na kwana bibbiyu yakan ba wadda ta fita girki sararin suya da daka, ta yadda tsarin da aka fi ambata da kishi shi ne kuma ya raba nauyin tukunya. Jari yakan fito daga adashi, wato zubin da mata ke yi lokaci-lokaci ɗaya ta kwashe bi da bi, ko daga biki, gudummawar da ƙawaye ke kai wa juna a suna da aure bisa fahimtar za a mayar da ƙari. Dillaliya, galibi dattijuwar da kulle ya sake ta, ita ke yawo da zannuwa da kwanuka tsakanin gidaje tana karɓar la'ada. Amma ƙafar sana'ar ita ce 'yar talla, yarinyar da ke sayo gyaɗa, ta kai niƙa, ta ɗauki faranti zuwa dandali, ta dawo da ciniki da labarin farashi. Matar da ba ta haihu ba, ko wadda 'ya'yanta suka yi aure, sai ta nemi riƙo, wato a ba ta 'yar ɗan'uwa ko jika ta raina, ita kuma ta ɗauki nauyin tara mata kayan ɗaki daga ribar tallar.

Wannan tsari ya gamu da jarrabawa a shekarun 1970. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun rage amfanin da ake matsa, injin niƙa ya sauƙaƙa wani aikin ya kuma ƙwace ladan masu daka, sannan shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 1976 ya nemi yaran da sana'ar ta dogara da su. Enid Schildkrout, wadda ta yi nazarin aikin yara a birnin Kano a wannan lokaci, ta nuna cewa tura yarinya makaranta yana rage kuɗin shigar uwa kai tsaye, wanda hakan ya bayyana wani ɓangare na jinkirin da iyaye suka yi wajen sa 'yan mata a makaranta. Adalci ya buƙaci a faɗi cewa mafi nauyin tallafin da matan kulle suka samu ya sauka ne a kan 'yan mata ƙanana, waɗanda suka biya shi da karatunsu.

Daga baya waken suya ya kawo awara cikin jerin sana'o'in gida, wayar salula kuma, wadda ta fara bazuwa a Nijeriya daga 2001, ta ba mace damar jin farashin kasuwar Dawanau da karɓar saƙon masu saye daga ɗakinta, ko da yake kai kayan ga mai saye har yanzu yana buƙatar ɗan aike ko mai babur da za a biya.