Kayan Adon Makoki a Ingila: Daga Tuna Mutuwa Zuwa Tuna Mamaci

A ƙarni na 17 al'adar masu hali ce a Ingila mutum ya yi wasiyya da kuɗin zobban da za a ba dangi da aminai bayan rasuwarsa. Shakespeare ma haka ya yi a 1616. Akan zana ƙoƙon kai ko akwatin gawa a jikin zoben, domin mai sanye da shi ya tuna cewa shi ma tafe yake.

Daga ƙarshen ƙarni na 18 sai manufar ta sauya, hankali ya koma kan mamacin kansa. Akan kitsa gashinsa a rufe da gilashi a cikin zobe. Lu'ulu'u na nufin hawaye, farin launi kuwa alama ce ta yaro ko wanda bai yi aure ba.

Al'adar ta bunƙasa bayan rasuwar Yarima Albert a 1861, don Sarauniya Victoria ba ta tuɓe baƙaƙen kaya ba har ta rasu a 1901. Wannan ya sa kasuwar baƙin dutsen garin Whitby ta buɗe. Ta haka zoben da dā yake wa'azi ga rayayye ya zama ma'ajiyar begen wanda aka rasa.